An ƙi maƙalata, an cire hoton, an kuma toshe ni

Basiru (Aboabo): Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah wanda ya san kan Wikipedia ya agaza min, kaina ya ɗaure. Na rubuta tarihin wani babban malami na unguwarmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya kafa makarantar allon da yanzu ta koma Islamiyya. Rabin dattawan Aboabo a hannunsa suka yi sauka. Da Turanci na rubuta, na tura, sai aka dawo min da shi da wani akwati a sama wai ban nuna shahararsa ba. Mutumin da har yau ake ba da labarin cunkoson jana'izarsa! Hoton da na ɗora ma an cire. Jiya da daddare kuma na danna gyara, sai ga jan rubutu wai an toshe adireshin IP ɗina. Ni ban zagi kowa ba, ban taɓa rubutun kowa ba. Ina ake kai kuka a wurin nan? Ko dai ba su son tarihin zango ne?

Iliyasu (Alabar): Wa alaikumus salam. Ɗauko hoton jan rubutun ka turo. Amma ka shafe lambar IP ɗin tukuna, ba kowa ka sani a gidan nan ba.

Basiru (Aboabo): Ga shi nan, Yaya.

Iliyasu (Alabar): To kwantar da hankalinka, ba kai aka toshe ba. Duba da kyau, babu sunanka a ciki, lamba ce aka toshe, kuma dalilin da suka rubuta shi ne proxy, wato hanyar da ake bi ta wata na'ura a shiga intanet da adireshinta. Kullum sai na ga irin wannan a shago. Kamfanonin waya ba sa ba kowane layi adireshinsa shi kaɗai, don adireshin tsohon tsari, wato IPv4, kusan biliyan 4.3 ne duka duka, ya yi wa duniya kaɗan. Saboda haka mutane da yawa ta adireshi ɗaya suke fita intanet. Kamar gidan haya ne mai mita ɗaya, mutum guda ya ƙi biya a yanke wa kowa wuta. Akwai kuma manhajojin VPN na kyauta, masu ɓoye adireshin mutum, da yara ke sakawa don neman data ta banza. Wasunsu suna mayar da wayarka hanyar da baƙi ke bi su shiga intanet ba ka sani ba. Da na'urar Wikipedia ta gano haka sai ta rufe adireshin, duk wanda ya faɗo kansa gobe ya sha. Kana da VPN a wayar?

Basiru (Aboabo): Akwai wani da ƙanena ya saka min.

Iliyasu (Alabar): Cire shi gaba ɗaya, ba kashewa kawai ba. Sannan ka sa wayar a yanayin jirgi ka dawo da ita, sau da yawa sai a ba ka wani adireshin. Masu iPhone kuma su duba Private Relay, shi ma haka yake jawowa.

Danladi (Akwatia Line): Duk wannan doguwar hanya ce. Ya buɗe sabon asusu da wani suna ya huta.

Malama Ramatu (Asawase): Danladi, kada ka jefa yaron mutane a rami. Sabon asusu ba zai yi maganin komai ba tunda adireshin ne a rufe, ba sunansa ba. Kuma da a ce sunan nasa aka toshe, buɗe wani don a zagaye hukunci shi ne laifin da ba sa yafewa da sauƙi, sai su haɗa tsoho da sabo su rufe.

Basiru ƙanena, abin da Iliyasu ya faɗa daidai ne, amma maganin yau da gobe ne. Mai ɗorewa shi ne ka nemi a keɓe asusunka daga toshewar adireshi. Karanta saƙon a hankali, zai gaya maka wanda ya toshe, da dalili, da ranar da zai ƙare. Idan ka ga an ce toshewar ta dukkan wikis ce, to masu kula da ita su ne waɗanda ake kira stewards, ta shafin Meta, inda ake gudanar da harkokin dukkan wikis, ake samunsu, akwai fom da za ka cike. Idan kuma ta Wikipedia ta Turanci ce ita kaɗai, can za ka nema, ko a shafin tattaunawarka ko ta tsarin da suke kira UTRS. Inda mutane ke ruɗewa kenan: keɓewar da stewards suka ba ka ba ta ɗage toshewar da masu gudanarwa na Turanci suka sa da kansu. Ka kwafi saƙon yadda yake, ka faɗi sunan asusunka, ka ce daga Gana kake, da datar waya kake shiga, ba ka amfani da VPN. Ban da faɗa, ban da wa'azi. 'Yan sa kai ne ke karantawa, ba ma'aikata masu albashi ba, sai haƙuri da jira.

Ba kai kaɗai ba ne. A 2022 an yi doguwar muhawara a Meta kan yadda wannan toshewa ke hana 'yan Afirka gyara, kuma an ambaci 'yan Gana a ciki.

Basiru (Aboabo): Na gode Malama. Na dukkan wikis ne, na ga an rubuta. Zan cike fom ɗin. Amma ni abin da ya fi ci min rai maganar maƙalar ce.

Malama Ramatu (Asawase): Ita ma ba ta mutu ba. Abin da ka tura daftari ne, mai dubawa ya ce bai isa ba tukuna, yana nan inda ka bar shi. Sai ya yi wata 6 ba wanda ya taɓa shi kafin a iya goge shi, kuma ko an goge ana iya roƙo a dawo da shi. Sunan wanda ya duba yana cikin akwatin nan, kana iya zuwa shafin tattaunawarsa ka tambaye shi me ya rage. Akwai kuma Teahouse, dandalin da aka buɗe tun 2012 musamman don sababbi, ba wanda zai yi maka dariya a can. Yanzu gaya min, waɗanne manazarta ka sa?

Basiru (Aboabo): Ɗan littafin da aka raba a wurin taron tunawa da shi, da wani rubutu na Facebook na tsofaffin ɗalibai, sai abin da kawuna ya gaya min. Kawun nawa a gabansa ya tashi.

Malama Ramatu (Asawase): To nan gizo ke saƙar. Kalmar shahara da suka yi amfani da ita ce ke ɓata wa mutanenmu rai, sai mu ɗauka cewa aka yi malamin ba kowa ba ne. Ba darajarsa ake aunawa ba. Tambayarsu ita ce, shin wasu da ba danginsa ba, ba almajiransa ba, sun yi rubutu mai tsawo a kansa a wurin da ake tantance abu kafin a buga? Jarida, littafi, mujallar jami'a. Ɗan littafin taro na gida ne, Facebook kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, maganar kawu kuma ba inda mai karatu zai je ya duba.

Alhaji Tanko (Sabon Zongo): Salamu alaikum. Tun ɗazu nake bin maganar nan ban sa baki ba, amma nan kam sai na yi magana. Ramatu ɗiyata, na san ba ke kika kafa dokar ba, amma ki saurare ni. Malamin da yaron nan ke magana na san shi da idona. Na zauna a zaurensa, na ga yadda ake kawo masa shari'ar gado daga unguwanni ya raba, kowa ya tashi ba gardama. Yau a ce shaidata ba ta da amfani, amma da wani ɗan jarida da bai taɓa taka Aboabo ba ya rubuta layi goma a kansa, shi kenan ya zama gaskiya?

Mu ba baƙin tantance magana ba ne. Ilimin hadisi a kan me ya tsaya in ba isnadi ba? Wane ya ji daga wane, a duba mai ruwayar, a san gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa. Tun kafin a san wani abu wai shi jarida muke da wannan.

Kuma bari in tambaye ku. Baturiyar nan Enid Schildkrout da ta zauna a zangon Kumasi a shekarun 1960 ta rubuta People of the Zongo, aka buga a 1978, daga ina ta samo abin da ta rubuta? Ba daga bakin iyayenmu ba? Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna Salaga har yaƙin 1892 ya tashe su, ya rasu a 1934, duniya ta san shi ne don Bajamushe Adam Mischlich da masu bincike na baya sun tattara rubuce-rubucensa. Malamai nawa irinsa ne ba wanda ya bi ta kansu? Wato magana in ta fito daga bakinmu jita-jita ce, in ta bi ta alƙalamin Bature ta dawo ta zama hujja.

Danladi (Akwatia Line): Baba Alhaji ya gama magana. A rufe taro.

Sadiya (Legon): Baba, Allah ya ƙara girma. Ba na musun ka, amma misalin hadisin nan ni a wajena ɓangaren Malama yake ƙarfafawa. Ai malaman hadisi ba su bar shi a baki ba, sun rubuta, sun rubuta tarihin masu ruwaya, shi ya sa yau ɗalibi a Tamale zai buɗe littafi ya duba ba sai ya san kowa ba. A Wikipedia wa ya san wa? Basiru sunan asusu ne kawai. Mai dubawa yana wata ƙasa, ba shi da hanyar sanin ko akwai kawun ma, balle ya san ƙarfin haddarsa.

Alhaji Tanko (Sabon Zongo): Sai ya zo ya tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Malama Ramatu (Asawase): Baba, rabin maganarka ni ma ita ke damuna, kuma masu Wikipedia da kansu sun san akwai wannan giɓi. A 2011 wani ɗan Indiya, Achal Prabhala, ya jagoranci gwaji a Indiya da Afirka ta Kudu, aka ɗauki muryoyin mutane aka yi amfani da su a matsayin manazarta. An yi ta muhawara, amma ba ta zama ƙa'ida a ta Turanci ba.

Sai dai bari in kawo abin da ke sa ni jan ƙafa, kuma kai ka fi ni sani. A ce gobe an buɗe ƙofa, kowa ya rubuta abin da ya ji a gida. A rubuta wa ya fara sauka a unguwa kaza, wa ya ba da filin masallaci, gidan wa ke da asalin sarauta. Gida nawa za su yarda da labari ɗaya? Kowane zaure da nasa, kuma kowanne dattijo ne mai mutunci ya faɗa. Mu da muke nan ma ba mu iya raba wannan gardama ba, wasu har kotu suka kai. In aka zuba ta a shafin da kowa ke iya gyarawa, wanda ya fi data da rashin barci shi zai ci. Wannan doka da ta hana mu rubuta malaminmu, ita ce kuma ta hana wani ya rubuta cewa kakansa ne ya kafa makarantar.

Alhaji Tanko (Sabon Zongo): Wannan kam kin taɓo wuri. Amma ban janye ba. Dokar ta fi yi wa wanda aka daɗe ana rubuta shi daɗi.

Malama Ramatu (Asawase): Haka ne Baba, ban ce ba haka ba.

Sadiya (Legon): Amma kafin mu yanke cewa ba a rubuta shi ba, an nema? Mutane suna zaton sai abin da Google ya nuna. Ba dole manazarta su kasance a intanet ba, ba dole su kasance da Turanci ba. Littafin Larabci ko na Hausa da aka buga yana shiga, tsohuwar jarida tana shiga, in dai ka ba da suna da rana da shafi. Daily Graphic tun 1950 take fitowa. A nan Legon akwai ɗakin karatu na Balme, akwai tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami a Cibiyar Nazarin Afirka waɗanda aka tattaro tun shekarun 1960. Kundayen digiri da yawa kan makarantun Islamiyya da tarihin Musulunci a Asante suna UGSpace, rumbun intanet na Jami'ar Gana, kyauta ake saukewa. Na digirin digirgir sun fi karɓuwa, na digiri na biyu ana ɗan ja da su. A Kumasi kuma ga ofishin PRAAD, hukumar adana takardun gwamnati, ga ma'ajiyar tarihi ta Manhyia. Takardun ma'ajiya ba su isa su nuna shahara su kaɗai ba, amma suna tabbatar da shekara ko suna.

Basiru, turo min cikakken sunansa ta gefe, da duk yadda ake iya rubuta shi. Turawan da da 'yan jarida kowa yadda ya ji yake rubuta sunayenmu, sai ka ga mutum ɗaya da rubutu kala uku.

Danladi (Akwatia Line): Basiru, ka gaya musu kakanka ne mana. Kana ta wani babban malami na unguwarmu.

Basiru (Aboabo): To ai ba a tambaye ni ba. Eh, mahaifin babana ne. Laifi ne?

Malama Ramatu (Asawase): Ba laifi ba ne, amma sai ka faɗa. Suna da ƙa'ida kan wanda ke rubutu a kan danginsa ko wurin aikinsa. Ba a hana ka tura daftari ba, hasali ma hanyar da suke so irinka ya bi kenan, amma ka rubuta a shafinka cewa jikansa ne kai. In ka ɓoye aka gano daga baya, komai naka sai a riƙa yi masa kallon zargi.

Na buɗe daftarin yanzu. Layin farko kaɗai: shahararren malami, waliyyin Allah, hasken zamaninsa, wanda babu kamarsa. Ƙanena, wannan yabon maulidi ne. Mai dubawa da ya ga haka ya riga ya san ɗan gida ne ya rubuta. Ka ce malamin addinin Musulunci ne a Kumasi, an haife shi wuri kaza, ya yi karatu wurin wane, ya kafa makaranta shekara kaza. Addu'o'in da ke bayan sunansa ma ba a sa su a cikin maƙala, ka yi masa a zuciyarka.

Alhaji Tanko (Sabon Zongo): Har Allah ya jiƙansa ma sai an cire? To.

Basiru (Aboabo): Malama, wani abu kuma. Bayan an ƙi daftarin wani ya turo min saƙo ta imel, ya ce shi babban edita ne, in na tura masa kuɗi ta waya zai sa a karɓa cikin kwana biyu.

Iliyasu (Alabar): Ɗan damfara ne. Ka tura?

Basiru (Aboabo): A'a, kuɗin ne ma babu.

Malama Ramatu (Asawase): Talauci ya yi rana. Ba a biyan ko pesewa don a karɓi maƙala ko a cire toshewa. Mutanen nan suna bin jerin daftarin da aka ƙi ne suna farautar masu shi. Kada ka amsa masa.

Hoton kuma, ina ka samo shi?

Basiru (Aboabo): Wanda ke rataye a ɗakin babana ne. Na sauke shi na ɗauka da waya, har gilashin yana ɗan haske a gefe. Akwai hatimin wani situdiyo a baya amma ya goge. Da aka tambaye ni na zaɓi aikina ne, tunda ni na ɗauka.

Malama Ramatu (Asawase): Shi ya sa. Kai hoton hoto ka ɗauka. A doka haƙƙin hoto na wanda ya ɗauka ne tun asali, ba na wanda ke ciki ba, ba na wanda ya rataye shi ba. Commons, inda hotunan ke zama, ba ya karɓar sai abin da kowa zai iya amfani da shi kyauta, har ɗan kasuwa. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005 shekara 70 ta ba da bayan rasuwar mai aikin. Tsofaffin hotuna suna da nasu lissafin, don haka ka je shafin tambayoyin haƙƙin mallaka na Commons ka faɗi shekarar da kake zaton an ɗauka da abin da ya rage na hatimin, akwai waɗanda aikinsu kenan. In kuma an gano magadan mai situdiyon suka yarda, akwai hanyar da za su aika izini a rubuce. A yanzu dai je ka ɗauki ginin makarantar da allunan yara da hannunka, wannan naka ne. Ka ɗora daga wayar kai tsaye, kada ya bi ta WhatsApp ko Facebook, don suna goge bayanan kyamara, masu dubawa kuma sai su yi zaton kwasowa ka yi.

Alhaji Bala (Kejetia): Ni tambayata ɗaya. Me ya kai ka Turanci? Ga Wikipedia ta Hausa nan. Mutumin nan da Hausa ya karantar, masu son tarihinsa Hausa suke ji. Mutanen Tamale ba su tsaya jiran kowa ba, sun tashi tsaye har ta Dagbani ta tsaya da ƙafarta a 2021. Mu da muka riga su samu muna ta bara a ƙofar wasu.

Sadiya (Legon): Alhaji, ta Hausa ma da nata ciwon kan. Na taɓa rubutu a kan wata kasuwa ta nan Akra, washegari na tarar wani ya bi layi layi ya sauya min. Duk inda na sa “ya”, ya mayar da shi “ta”, har da bayanin wai ya gyara Hausa. Na mayar, ya sake mayarwa.

Alhaji Bala (Kejetia): To ai gaskiya ya gyara, ɗiyata. Kasuwa mace ce. Ku nan kun haɗe namiji da mace kun huta, mu a Kano kunnenmu ba ya ɗauka.

Danladi (Akwatia Line): Alhaji shekara nawa kana cin kasuwa da Hausarmu a Kejetia, ba ka taɓa mayar da kuɗin ba.

Malama Ramatu (Asawase): Kun ga irin wannan, Sadiya, shi ne ba a warwarewa da mayarwa. A ta Turanci doka ce a rubuce, in ka mayar da gyaran wani fiye da sau 3 cikin awa 24 a shafi ɗaya ana iya toshe ka ko da kai ke da gaskiya. A ko'ina ma ba a son ja-in-ja. Kowace maƙala tana da shafin tattaunawa a bayanta, can za ki kira sunansa ki yi magana. Ni ra'ayina, a bar masa nahawun. Daidaitacciyar Hausa ita ce ɗan Damagaram da ɗan Sakkwato da ɗan Nima za su karanta ba tuntuɓe. Inda ba zan yarda ba shi ne ya taɓa sunan wuri, ko sunan abinci, ko yadda muke kiran sarautunmu, ya mayar da su na can. Wannan kuskure ne ba gyara ba, kuma in kin yi masa bayani da hujja yawanci suna karɓa. Wanda ya fi ɓata ta Hausa ma ba Hausar zango ba ce, masu zuba fassarar na'ura ne ba su karanta ba, ka karanta sakin layi guda ka rasa me ake nufi.

Basiru, shawarar Alhaji Bala tana da kyau, masu gudanarwa na can za ka yi musu magana da harshenka. Amma kada ka ɗauka can ba a neman manazarta. Ana nema.

Danladi (Akwatia Line): To mu duka mu shiga mu rubuta musu cewa mun san malamin. Mutum hamsin suka yi magana ai dole su ji.

Malama Ramatu (Asawase): Ba ƙuri'a ake kaɗawa ba. Sababbin asusu hamsin daga gari ɗaya, rana ɗaya, magana ɗaya, cewa za a yi mutum ɗaya ne ko gayya ce, a ƙara rufe adireshin da Basiru ke kuka a kai.

Alhaji Tanko (Sabon Zongo): To ni na ji duk bayaninku. In Sadiya ta duba ba ta samu komai ba fa? Shi kenan mutumin ya tafi?

Sadiya (Legon): A'a Baba. Sai mu zama mu ne masu rubutawar. A ɗauki muryarka da ta sauran waɗanda suka zauna da shi, da izininku, a faɗi rana da wuri. Muryar kanta ana iya ajiye ta a Commons. Sannan a kai wa ɗan jarida ko malamin jami'a mai bincike a wannan fanni, ya haɗa da nasa binciken ya buga. In ya fito, ya zama abin da za a kafa hujja da shi. Hanyar da Baturiyar ta bi kenan, ba wanda ya ce sai Bature ne zai bi ta.

Alhaji Tanko (Sabon Zongo): Zagaye ne mai nisa don a dawo inda aka tashi. Amma in don a ɗauki magana ne ku yi sauri. Cikin waɗanda suka yi karatu a zauren nan tun farko, waɗanda suka rage ba su da yawa, akwai ɗaya ma da ba ya fita yanzu. Ni zan kai ku wurinsa, amma ku zo da goro, kuma mace ta rufe kanta.

Malama Ramatu (Asawase): In sha Allahu Baba. Ni ina da damar Wikipedia Library, wadda ake ba wanda asusunsa ya wuce wata 6 ya kuma yi gyara 500, akwai JSTOR, rumbun mujallun bincike, a ciki, zan duba mujallu daga nan. Ranar Asabar bayan La'asar duk mai so ya same ni a makarantarmu mu zauna kan daftarin. Wanda ba shi da asusu ya buɗe tun daga gida, don adireshi ɗaya asusu 6 kawai ake bari ya buɗe a yini, in kuka taru a kan wifi ɗaya na bakwai zai tsaya.

Basiru, kafin nan ka yi ƙananan gyare-gyare a wasu maƙalu in hanya ta buɗe, ko waƙafi ne. A ta Turanci sai asusu ya kwana 4 ya yi gyara 10 kafin a sake masa wasu abubuwa, kuma masu ba da keɓewa sun fi sakin jiki da wanda suka ga aikinsa.

Basiru (Aboabo): Na cire VPN ɗin, na cike fom. Da datar har yanzu a rufe yake, amma na gwada da wifi na wurin aiki ya buɗe.

Iliyasu (Alabar): To ka ga ni. Ka jira amsarsu, kada ka sake tura wani fom ɗin a kai.

Sadiya (Legon): Basiru, wace shekara ya rasu? Jaridun a ɗaure suke wata wata, ba zan iya cewa a fito min da na shekara goma ba.

Basiru (Aboabo): Nan ma akwai magana. Ɗan littafin ya ce 1976, kawu ya ce kafin nan ne.

Alhaji Tanko (Sabon Zongo): Littafin ya yi kuskure. Ba a daɗe da komawa tuƙi a hannun dama ba ya rasu, don na tuna direban da ya kawo mutanen Ejura jana'iza yana ta mitar sabon hannun.

Sadiya (Legon): An koma dama ranar 4 ga Agusta 1974. To zan fara daga Agustan 1974 zuwa ƙarshen 1975, in ban gani ba in shiga 1976. Baba, da azumi ne ko bayan salla?

Alhaji Tanko (Sabon Zongo): Tsakanin salloli biyu ne. Alhazai ba su tashi ba tukuna.